Jan Ɗigon Baba Lukmanu

Kullum in an sauko daga masallaci an sha kunu, Baba Lukmanu zai turo kekensa ta bayan tasha har zuwa 'yar rumfarsa da ke gefen masu sayar da katifa. Da safe ba ya hawan keken, turawa yake yi, wai mai hawa ba ya gaisawa da mutane yadda ya kamata. In ya buɗe ƙofa sai ya share teburinsa da tsumma, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ya sa tabarau, ya jera sukundirebobinsa daga babba zuwa ƙarami. Daga nan sai ya zauna yana jiran wanda Allah zai kawo. Shekara talatin da wani abu ke nan yana haka a nan Illela.

A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Idonsa ya fara rauni, ƙananan wayoyi sun fara haɗe masa, kuma 'ya'yansa sun matsa ya koma garinsu Araba ya zauna kusa da gonar albasarsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta wani abu a kansa tun yana jin karatu da kunnensa. Ni ba mai dogon karatu ba ne, sai a yi haƙuri da rubutun.

Mu masu saka kiɗa a wurin biki da suna, waɗanda ake ce wa DJ, ba mu kai ashirin ba a garin nan, amma babu ɗayanmu da bai taɓa zama a bencin Baba ba. Ga wanda bai san aikinmu ba, kayan biyu ne manya. Akwai kwamfuta, a cikinta waƙoƙin suke tare da manhajar da ke juya su. Akwai kuma kwantirola, wata na'ura mai faifai biyu da maɓallai, da ita muke tada waƙa, mu tsayar, mu ƙara murya ko mu rage. Waya ɗaya ce ke haɗa su. In suna jin juna, aiki daɗi. Ranar da suka daina jin juna kuwa, sai ka danna maɓalli kamar kana danna dutse, ga mutane ɗari sun zuba maka ido.

Baba bai fara da waɗannan ba. Rediyo ya fara gyarawa, sannan kaset, sannan faifai. Da kayanmu suka shigo gari, sa'o'insa duk suka ce wannan na yara ne. Shi kuwa ya ari kwantirolar wani ya ajiye ta sati biyu a rumfa, yana dannawa yana kallon abin da ke motsi a fuskar kwamfuta, har ya gane wane maɓalli ke magana da wane wuri. Abin mamaki, shi kansa kiɗan bai dame shi ba. Ban taɓa ganin ya kaɗa kai ba. In yana gwaji, muryarsa ce ya ɗauka yana ƙirga ɗaya, biyu, uku har zuwa hamsin, ita yake sakawa. Duk DJ ɗin Illela ya haddace wannan ƙirga, har da tarin da ya yi a kan sha bakwai.

Hanyar aikinsa ita ce ta bambanta shi. Ka kawo kaya da gudu kana gumi, ba zai taɓa su ba. Zai nuna maka benci ya ce:

"Zamna tukuna. Mi kat taɓa na ƙarshe kahin ta lalace?"

Kowa amsarsa ɗaya ce: "Wallahi Baba ban taɓa komi ba."

"To, zamna har ka tuna."

Abokina Yari ya fi kowa shan wannan zama. Ya sayo kwamfuta a Ƙonni, komai na cikinta da Faransanci, kuma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Wata ranar Alhamis wani rubutu ya fito masa, bai san abin da aka ce ba ya danna, ashe sabunta manhajar ya yi. Da ta gama, ɓangaren hagu na kwantirolar ya mutu, ga biki ranar Asabar. Ya iso rumfa da sukundireba a hannu, ya riga ya kwance ƙusa biyu. Baba ya karɓe sukundirebar ya sa a aljihu, ya aika aka kira wani direban Ƙonni daga tasha ya karanta masa rubutun, sannan ya ciro wani filashi da yake ɗaure da zare a wuyansa, inda yake ajiye tsofaffin manhajojin kowa. Ya cire sabuwar ya mayar da tsohuwar. Hagu ya tashi.

"Na'urarka lahiyatta lau," in ji shi. "Kai ne ba ka da lahiya. In za ka sabunta, ka bari sai Litinin. Wa ka aske kai ranar ɗaurin aure da sabon wanzami?"

Har yau sukundirebar Yari tana rumfar. Ya ce sai ranar rufewa zai ba shi.

Irin waɗannan suna da yawa. Shi ya koya mana a fara jona kwantirola a kunna ta kafin a buɗe manhaja, don in manhaja ta farka ba ta gan ta ba, ba za ta neme ta ba. Shi ya koya mana a gwada wata waya kafin a zargi na'ura. Amma abin da ya sa na ɗauki biro nawa ne, kuma ya faru shekara biyu da suka wuce.

A ranar wunin bikin Humaira ne, 'yar Hajiya Safiyyatu mai sayar da atamfa. An kafa rumfa a ƙofar gida, taku kaɗan daga masallacin unguwa. A garinmu kowa ya san ƙa'ida, ba sai an faɗa ba: ladan na buɗe baki, kiɗa ya tsaya. Ni ma da ita na tashi. Ina kallon agogo, hannuna na kan maɓalli. Ladan ya yi kabbara ta farko ta la'asar, na danna. Kiɗa bai tsaya ba. Na sake dannawa. Na ja maɓallin murya har ƙasa, waƙa na nan tana tashi kamar ba da ita nake ba. Na koma kan kwamfuta, wurin goga yatsanta ya daɗe da mutuwa, ban kuma gyara ba don ban taɓa buƙatarsa ba. Kaina ya ɗaure. A maimakon in zare wayar sifika, sai na tsaya ina ta dannawa. Sai da ladan ya kai tsakiyar kira sannan wani ya ruga ya kashe janareta.

Dattawan da ke alwala a ƙofar masallaci duk sun juyo. Babu wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari mai unguwa Attahiru ya aiko. Ya ce liman Malam Mukhtar ya yi magana, kuma ba wannan ne karo na farko ba, don sati uku kafin nan an yi makamancin haka a wani suna, ni ne kuma a kan teburin. Gaskiya ne, an yi, sai dai ranar na yi sa'a abin ya dawo da wuri. Ya ce daga ranar ba ni ba saka kiɗa a unguwar, kuma ranar Juma'a dattawa za su zauna su duba ko a hana DJ gaba ɗaya. Aikin da nake ci da shi ke nan, amma ba shi ya fi ci mini rai ba. A bakin mutane na zama yaron da ya take kiran salla da gangan. Mahaifiyata ta daina zuwa gidan biki saboda kallon da ake mata.

Na ɗauki kayan na kai wa Baba. Ya nuna mini benci.

"Mi kat taɓa na ƙarshe?"

"Wallahi Baba ban taɓa komi ba."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga idona, bai ce in zauna har in tuna ba. Ya jona kayan ya saka ƙirgarsa. Ɗaya, biyu, uku. Ya danna, ta tsaya. Ya danna, ta tashi. Kwana biyu kayan suna kunne a rumfarsa, ya girgiza teburi, ya canza waya, ya ajiye su a rana su yi zafi, ko sau ɗaya ba su ƙi ji ba. Yari ya leƙo ya ce shi dai a ganinsa na'urar ba ta son salla, a kai ta wurin masu ruƙiyya. Baba ya ce in za a kai wani, da mai maganar za a fara.

Rana ta uku ya ce mini: "Uzairu, kayanga ba su da ciwo nan. Can wurin bikin ciwon yake. Sau biyu anka yi, duka da la'asar?"

Na ce duka da la'asar.

"Ba ta taɓa yi da azahar ba? Ko tsakiyar rawa?"

Na ce a'a.

"To akwai abin da ka hwaruwa da la'asar wanda ba ka gani. Ina kake da aiki na gaba?"

Ina da wani suna a Darna Sabon Gari ranar Laraba, wurin da labarin bai kai ba. Baba, mutumin da ba ya zuwa wurin kiɗa, ranar ya rufe rumfa da rana tsaka, ya hau bayan babur ɗina. Ya samu kujera a bayana ya zauna, hularsa a gwiwa, mata na wucewa suna kallonsa suna dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, kai ma rawar ka zaka?" Ya ce, "Inna, ƙwauri ya ƙi, ido na kawo."

Awa biyu yana bin hannuna da ido. Da la'asar ta matso, mata suka fara tashi za su shiga gida alwala. Gwaggon mai jego ta biyo ta teburina ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗan nan, sa mini caji kahin in yi salla." Na karɓa ban ko duba ba, na jona. Wata ta miƙo tata, na jona. Ta uku na isowa sai na ji hannun Baba a kan kafaɗata.

"Ina kaka jona su?"

Na nuna masa. Kafa ɗaya ce mai rai a jikin kwamfutata, don haka na sayi wani ɗan akwati mai kafa huɗu na jona a ciki. Kafa ɗaya ta kwantirola ce, ukun kuwa ta duk wanda ya kawo waya. A wurin biki teburin DJ ne kaɗai ke da wuta, kuma wa zai ce wa gwaggon amarya a'a? Abin ya zame mini jiki har ba na lissafa shi cikin abin da na taɓa.

"Jona ta ukun," in ji Baba, "amma ka riƙa wayar sifika da hannu guda."

Na jona. Fitilun kwantirola suka yi ƙyaf, suka dushe. Na danna maɓalli, babu amsa, waƙa na ta tafiya. Na zare wayar sifika, wuri ya yi tsit, sai ga muryar ladan ta taso. Baba ya mayar da hularsa kai ya ce mu je mu yi salla.

A hanyar dawowa ya yi mini bayani. Kwantirolata ba ta da wutar kanta, daga kwamfuta take sha. Waya biyu in suna caji tana lallaɓawa, ta uku na shiga sai abin da ke isa gare ta ya gaza, ta suma. Manhaja kuwa ba ta san an yi ba, tana ci gaba da waƙarta, kuma da yake na ɗauki sauti kai tsaye daga kwamfuta zuwa sifika, babu abin da zai tare shi. Mata kuwa ba sa rabuwa da wayoyinsu sai za su yi salla, kuma la'asar ce sallar da ke riskar taro a cike. Shi ya sa ciwon bai san wani lokaci ba sai la'asar.

Na ce, "To Baba, ai sai in daina amsar caji."

Ya ce, "Ka daina, ka ga ko za a sake kiranka biki. Ba a gyara na'ura a ɓata mutane."

Ranar Alhamis ya yi aiki uku. Ya gyara kafa ta biyu ta kwamfutar ya ba kwantirola ita kaɗai. Ya shiga cikin manhaja ya mayar da sauti ya riƙa bi ta kwantirola, yadda in ta suma kiɗan ma zai mutu tare da ita. Ya samo wani katako ya kafa masa soket shida masu shan wuta daga janareta kai tsaye, ya ce wannan na gwaggonni ne. Sannan ya zaɓi wani maɓalli da ba na amfani da shi, ya koya wa manhaja cewa in an danna shi komai ya yi shiru nan take. Ya ciro kwalbar jan farce da ya karɓo wurin 'yarsa Lubabatu, ya ɗiga a kan maɓallin.

"Wanga na salla ne. Ko ɗan yaye ya gan shi ya san shi."

Na zaci an gama. Ashe shi a wurinsa rabi aka yi. Ya ce na'ura ta warke, saura sunana.

Da Juma'a bayan an sauko, ya sa na ɗauko kayan muka tafi zauren mai unguwa. Dattawa na zaune, Malam Mukhtar na gefe da carbinsa. Baba ya durƙusa ya gaishe su, ya ce:

"Ranka shi daɗe, ban zaka roƙo ba. Abu na kawo ku gani, in kun gani ku yanke abin da kunka ga dama."

Malam ya ce, "Lukmanu, kiɗa za ka saka muna a zaure?"

"Allah shi gafarta Malam, muryata ce. Ba ta da daɗin da za ta zama kiɗa."

Aka yi 'yar dariya. Ya haɗa kayan yadda suke ranar bikin Humaira, da ɗan akwatin nan mai kafa huɗu. Ƙirga ta tashi. Ya kama yatsan mai unguwa ya ɗora a kan maɓalli, ya ce ya danna. Ta tsaya. Ya sake, ta tashi. Sai ya nemi aron waya. Mai unguwa ya ba da tasa, wani dattijo ya ba da tasa. Baba ya juya wurin liman.

"Saura guda, Malam."

Malam Mukhtar ya laluba aljihu ya miƙo. Ana jona ta, Baba ya ce wa mai unguwa ya tsayar. Ya danna. Ashirin da ɗaya, ashirin da biyu. Ya danna da ƙarfi. Ashirin da biyar. Ya sa babban yatsa ya danne har da cije leɓe, muryar Baba na ta ƙirgarta ba ruwanta. Da ta kai talatin da biyar mai unguwa ya ɗago ya dube ni. Ina jin a lokacin ya san yadda na ji.

Malam ya ce, "Ashe wayata ce ta ɓata."

"Ta kowa ce, Malam, in dai ita ce ta uku."

Sannan ya sake haɗa kayan sabuwar haɗawa, ya jona wayoyin ukun a katako, ya nuna musu jan ɗigo. Malam da kansa ya miƙa hannu ya danna. Shiru. Sai ya ce mini in riƙa tsayarwa tun kafin ladan ya hau, kada in jira kabbara. Na ce to. Mai unguwa ya ce maganar hani an ajiye ta, da sharaɗin duk mai saka kiɗa a unguwar ya je Lukmanu ya yi masa irin wannan. Cikin wata ɗaya kwalbar Lubabatu ta ƙare. Yau in ka duba kwantirolar kowane DJ a Illela, har da wasu na Ƙonni, za ka ga jan ɗigo a kusurwa.

Baba, kai ne ka rufe rumfarka da rana tsaka ka zauna a cikin kiɗan da ba ka so, don yaron da ba ɗanka ba. Kai ne ka ƙi yarda na'ura ta yi laifi kafin ka ji ta bakinta, ka kuma ƙi yarda ni na yi kafin ka gani da idonka. Mai tambaya kafin kwance ƙusa. Da ka gyara kayan ka miƙo mini ka ce sauka lafiya, babu wanda zai ce ba ka yi aikinka ba, amma ka san ba kayan ne suka kawo ni ba. Mahaifiyata ta koma zuwa biki, kuma duk inda ta je sai ta kai wayarta teburin DJ ta ce a sa mata a katakon Lukmanu.

Na gode, Baba. Yari ma ya ce in ce ya gode, kuma wai kada ka manta da sukundirebarsa. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa albasa ta yi kai, ya ba ka hutun da ka daɗe ba ka yi ba.

Ku kuma 'yan'uwana masu gyara, na waya da na babur da na janareta, ga abin koyi a kusa, ba sai an je Sakkwato ba. In an kawo muku kaya, ku ba mai kayan benci. Ku tambaye shi ina abin ya faru, da wane lokaci, wa ke wurin. In ciwon bai nuna kansa a rumfa ba, ku bi shi inda yake. Kafin ƙarshen wata rumfar na nan a buɗe, mai son ya ga yadda ake yi ya je ya zauna.

Asabar ɗin da ta wuce na yi aiki a ƙofar gidan Hajiya Safiyyatu, sunan ɗan Humaira na fari. Wuri ɗaya, masallaci ɗaya. Da na ga ladan ya cire takalmi, na ɗora yatsa a kan jan ɗigo. Waya shida na kan katako suna shan wuta, ɗaya a ciki ta mai unguwa ce, ya aiko da ita tun azahar. Muka ji kiran salla tun daga kabbarar farko har ƙarshensa, babu abin da ya hau kansa. Na rufe kwamfuta na bi sahu.